Malaman kimiyya a masana'antu: Yadda tsarin yake da abin da ke kwarin Rima

A wasu ƙasashe, musamman Amurka, akwai tsarin da ke bai wa malaman kimiyya da lissafi na makarantun sakandare damar yin aiki na wasu makonni a masana'antu ko ɗakunan bincike a lokacin dogon hutu, domin su gani da idonsu yadda ake amfani da abin da suke koyarwa.

Kafuwar manyan masana'antun sarrafa shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu a cikin shekarun 2010 ta sa batun ya zama abin dubawa a kwarin Rima, yankin da a da noma da su da fatauci da aikin gwamnati ne kusan dukkan sana'o'in da ɗalibi ke tashi yana gani.

Garuruwan biyu, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kimanin kilomita 50 ba, suna da makarantun sakandare masu daɗaɗɗen tarihi, da kwalejin horar da malamai, da kwalejin kimiyya da fasaha. A yanzu kuma suna da injinan da ake aiwatar da darussan da waɗannan makarantu ke koyarwa a kan allo.

Mene ne tsarin?

A taƙaice, malami ne ke barin aji idan an yi dogon hutu, ya shiga wani kamfani ko wata cibiyar bincike a matsayin ma'aikaci na wucin gadi.

Ana ba shi takamaiman aiki, a haɗa shi da wani injiniya ko masanin kimiyya da zai riƙa sa masa ido, kana a biya shi ladan aikinsa.

Wannan ya bambanta da ziyarar gani da ido ta yini guda da makarantu kan kai ɗalibai, ya kuma bambanta da taron bita inda malamai kan zauna a zaure suna sauraren lacca.

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne, kafin malamin ya kammala, sai ya tsara darasi ko gwajin da zai koma da shi aji, wanda ya samo asali daga aikin da ya yi, kuma ya dace da manhajar karatu.

Hujjar masu goyon bayan tsarin ita ce akasarin malamai daga aji suka fito suka sake komawa aji. Mutum ya gama sakandare, ya shiga kwalejin ilimi ko jami'a, ya dawo yana koyarwa, ba tare da ya taɓa yin aiki a inda ake auna sinadari ko a sarrafa lantarki don neman riba ba.

Irin wannan malami yakan iya rubuta ƙa'ida a allo ba tare da kuskure ba, to amma yakan rasa amsa mai gamsarwa idan ɗalibi ya tambaye shi inda za a yi amfani da ita.

Asalin tsarin

A shekarar 1983 aka wallafa wani rahoto a Amurka wanda ya yi gargaɗin cewa taɓarɓarewar ilimi a makarantu na barazana ga matsayin ƙasar a fagen tattalin arziki, a daidai lokacin da kamfanonin Japan ke ƙwace mata kasuwa.

Bayan shekaru biyu, wato a 1985, wasu kamfanoni da cibiyoyin bincike na gwamnati a yankin San Francisco suka haɗa gwiwa da wata cibiyar koyar da kimiyya ta Jami'ar California da ke Berkeley, suka kafa ƙungiyar da ake kira IISME a taƙaice.

Ƙungiyar, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa Ignited, ta riƙa tura malamai kamfanoni na tsawon makonni takwas a lokacin hutun bazara, kuma kamfanonin da suka karɓe su ne ke ɗaukar nauyin biyansu.

A shekarar 1990 Jami'ar Columbia da ke birnin New York ta fara nata shirin a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Samuel Silverstein, inda malaman kimiyya na sakandare ke shafe makonni takwas a ɗakunan binciken jami'ar, shekara biyu a jere.

Ita ma hukumar da ke tallafa wa binciken kimiyya ta gwamnatin Amurka, NSF, ta ɓullo da irin wannan shiri a farkon shekarun 2000, wanda ke bai wa jami'o'i kuɗi don su ɗauki malaman makaranta su yi aiki tare da masu bincike.

Shin yana yin tasiri?

Binciken da aka fi ambata a kan wannan batu shi ne wanda mujallar Science ta wallafa a shekarar 2009 game da shirin Jami'ar Columbia.

Binciken ya kwatanta sakamakon ɗaliban malaman da suka shiga shirin da na takwarorinsu da ba su shiga ba, a jarrabawar kimiyya ta jihar New York.

An gano cewa a shekara ta uku da ta huɗu bayan shigar malami shirin, yawan ɗalibansa da suka ci jarrabawar ya zarce na sauran da kimanin kashi 10 cikin ɗari.

Sakamakon ya nuna cewa amfanin shirin ba ya bayyana nan take, sai malami ya ɗauki lokaci yana sauya salon koyarwarsa.

To sai dai akwai abin lura. Malaman da ke neman shiga irin waɗannan shirye-shirye galibi masu himma ne tun asali, don haka yana da wuya a tantance ko shirin ne kaɗai ya kawo bambancin. Haka kuma a ɗakunan binciken jami'a aka yi wancan aiki, a makarantun da ke da lantarki da kayan gwaji.

Abin da Najeriya ke da shi

Tunanin haɗa karatu da aikin masana'anta ba baƙo ba ne a Najeriya.

A shekarar 1971 gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, mai hedikwata a Jos. A 1973 asusun ya ƙirƙiro shirin SIWES, bayan ƙorafin da masu masana'antu suka yi cewa waɗanda ke fitowa daga manyan makarantu ba su san aikin hannu ba.

A ƙarƙashin shirin, ɗaliban jami'a na fannonin kimiyya da fasaha kan shafe watanni shida a wurin aiki, yayin da na kwalejojin kimiyya da fasaha da wasu sassa na kwalejojin ilimi kan yi watanni huɗu.

Sai dai ɗalibai aka yi wa shirin. Da zarar mutum ya karɓi takardarsa ya fara koyarwa, ya fita daga cikinsa ke nan, ko da kuwa zai shafe shekaru 30 yana riƙe da alli, injina na sauyawa a bayansa.

Horon da ake bai wa malaman da ke bakin aiki ya fi karkata ne ga taron bita. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Najeriya, STAN, wadda aka kafa a 1957, tana shirya tarukan shekara-shekara da bitoci kan darussa daban-daban.

Akwai kuma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, wadda ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1980.

A shekarar 2006 aka fara shirin SMASE da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Japan, JICA, a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Shirin, wanda aka kwaikwayo daga Kenya, ya koya wa malaman firamare yadda za su sa yara yin gwaji da hannunsu, da yadda za su ƙirƙiri kayan aiki daga abin da ke kusa da su.

Waɗannan shirye-shirye sun fi mayar da hankali ne ga dabarun koyarwa, kuma a zaure ko a ɗakin gwaji ake gudanar da su.

Darasin akwatunan da ba a buɗe ba

Tarihin ilimi a Najeriya na ɗauke da misalin abin da kan faru idan aka sayi kayan aiki ba tare da an shirya malamai ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta shekarar 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982. Tsarin ya tanadi darasin share fagen fasaha a ƙaramar sakandare, domin yara su koyi aikin katako da ƙarfe da lantarki.

Gwamnati ta shigo da injina masu yawa daga ƙasashen gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu.

Da yawa daga cikin injinan sun shafe shekaru a cikin akwatunansu har suka lalace ko aka sace su, saboda rashin lantarki da ɗakunan aiki, da kuma ƙarancin malaman da suka san yadda ake harhaɗa su.

A wancan lokaci gwamnatin tarayya ta tura wasu malaman fasaha Amurka domin samun horo, amma adadinsu bai kai na makarantun da ke buƙata ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, tsohuwar jihar Kano ta kafa makarantun sakandaren kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, inda aka haɗa kayan gwaji da zaɓaɓɓun malamai a wuri guda. Makarantun sun yaye ɗimbin likitoci da injiniyoyi, kuma wasu jihohin arewa sun bi sahu.

Wuraren aiki a kwarin Rima

An ƙirƙiro jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a ranar 27 ga watan Agustan 1991. A shekarun farko, babbar masana'antar da ta fi kusa da makarantun yankin ita ce ta siminti da ke Kalambaina a Sakkwato.

Gulbin Rima, wanda ke haɗuwa da na Sakkwato a kusa da birnin Sakkwato kafin ya ratsa ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa kogin Kwara, ya shimfiɗa fadama mai faɗi da aka daɗe ana noman shinkafa a cikinta.

A watan Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa ƙananan manoma rance a jihar Kebbi, lamarin da ya bunƙasa noman rani. A ƙarshen 2016 jihohin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice.

A watan Agustan 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu, wadda aka ce ta ci kimanin naira biliyan 10, kuma aka tsara ta domin sarrafa tan dubu 120 a shekara. A Birnin Kebbi kuma akwai masana'antar Labana, baya ga matsakaita da ƙananan injinan casa da ke warwatse a garuruwa.

Ban da shinkafa, Birnin Kebbi na da babbar tashar rarraba lantarki, da ma'aikatar tace ruwa ta Dukku, da filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, da ɗakunan gwaje-gwaje na manyan asibitoci.

Ta fuskar makarantu, akwai Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006, sai kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013.

Lissafin da ke cikin buhun shinkafa

Masana'antar shinkafa wuri ne da malamin lissafi zai tarar da aikinsa tun daga bakin ƙofa, inda ake auna mota da kayanta, a sake auna ta bayan an sauke.

Shinkafa shanshera, wato wadda ba a cire wa ɓuntu ba, takan zo daga gona da danshin da kan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Kafin a adana ta sai an busar da ita zuwa kimanin kashi 14, in ba haka ba ta yi funfuna ko ta yi zafi a rumbu.

A nan ne wani lissafi ke ɓoye da ya shafi aljihun manomi. Idan buhu mai nauyin kilo 100 na da danshi kashi 24, to ainihin busasshiyar shinkafar da ke cikinsa kilo 76 ce. Idan aka busar da shi zuwa kashi 14, za a raba 76 da 0.86, a samu kilo 88 da ɗan ɗoriya.

Wato buhun ya rasa kusan kilo 12, alhali wanda ya cire 14 daga 24 kawai zai yi tsammanin kilo 10 ne. A kan buhu dubu, bambancin ya haura tan guda da rabi.

Darasin kaso cikin ɗari ne da ke cikin manhajar sakandare, kuma da yawa daga cikin ɗaliban da ke zaune a azuzuwan Argungu 'ya'yan manoman da ake yi wa wannan awo ne.

Bayan busarwa sai casa. Kimanin kashi 20 cikin ɗari na nauyin shanshera ɓuntu ne, kashi 8 zuwa 10 kuma dusa ce, abin da ya rage shi ne shinkafar ci, cikakkun ƙwayoyi da karyayyu. Masana'anta kan ɗauki samfuri a kai a kai ta ƙirga yawan karyayyun, wanda aiki ne na fannin ƙididdiga.

Shi kuwa malamin kemistiri, wato ilimin sinadarai, zai ga yadda ake jiƙa shanshera a ruwan zafi, a turara ta, a sake busarwa kafin a casa. Zafin tururi na sa sitacin da ke cikin ƙwaya ya narke ya haɗe, shi ya sa ba ta saurin karyewa, kana wasu sinadaran gina jiki na rukunin bitamin B kan ratsa daga ɓawo su shiga cikin ƙwayar.

Wannan aiki shi ne matan karkara suka daɗe suna yi a tukwane da ganguna idan za su yi gumi. Bambancin shi ne a masana'anta ana auna zafi da lokaci da matsin tururi, ana kuma rubutawa.

Malamin fiziks zai tarar da tukunyar tururi, wadda a masana'antu da dama ɓuntun shinkafar ne makamashinta, da injin da ke raba tsakuwa da ƙwaya ta hanyar bambancin nauyi, da kuma na'urar da ke amfani da haske ta gano baƙar ƙwaya, ta hure ta gefe da iska.

Lantarki da ruwa

Lantarkin da ke isa Birnin Kebbi daga madatsar ruwa ta Kainji yana tafiya ne a kan layi mai ƙarfin volt dubu 330. Daga nan wani layin mai volt dubu 132 ke kai wuta birnin Yamai, tun a shekarun 1970.

Wannan layi ne Najeriya ta katse a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kafin a mayar da wutar a watan Maris na 2024.

Dalilin ɗaga ƙarfin wutar haka yana cikin littafin fiziks na babbar sakandare. Idan aka ninka ƙarfin sau goma, yawan wutar da ke gudana a cikin waya domin isar da makamashi iri ɗaya zai ragu sau goma, asarar da ake yi ta hanyar zafi kuma ta ragu sau ɗari.

A ma'aikatar tace ruwa kuwa, ana zuba sinadarin alam domin laka ta dunƙule ta kwanta, a tace ruwan ta cikin yashi, sannan a sa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Idan ana son miligiram biyu na kulorin a kowace lita, tanki mai cin lita miliyan guda na buƙatar kilo biyu.

Da damina, lokacin da gulbi ke yin jawur da laka, dole ma'aikata su riƙa gwaji suna sauya yawan alam ɗin da suke zubawa. Malamin da ya yi wannan gwaji da hannunsa zai iya maimaita shi a aji da 'yan kwalabe da ruwan fadama.

A gona ma haka abin yake. Takin yuriya na ɗauke da kashi 46 cikin ɗari na sinadarin naitirojin, don haka buhu mai kilo 50 na da kilo 23 na abin da shuka ke buƙata. Ruwan sama na milimita guda a kan hekta ɗaya kuma daidai yake da lita dubu 10, lissafin da ke gaya wa mai noman rani tsawon lokacin da injin ban-ruwansa zai yi yana shan mai.

Sana'o'in gargajiya

Masu tsara irin waɗannan shirye-shirye a ƙasashe masu tasowa kan faɗaɗa ma'anar wurin aiki ta haɗa da sana'o'in da jama'a suka gada.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, misali ne a kan haka.

Gorar da masunci ke kifa cikinsa a kai yana iyo a Matan Fada tana aiki ne bisa ƙa'idar da ke sa jirgin ruwa ya yi yawo a saman teku. Hana su a wannan sashe na gulbi har zuwa lokacin biki, a ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, darasi ne na bayoloji kan yadda ake barin kifi ya hayayyafa.

A shekarar 2011 aka shigar da darussan sana'o'i fiye da 30 cikin manhajar babbar sakandare, ciki har da kiwon kifi da kiwon dabbobi, kuma ƙarancin malaman da suka taɓa yin sana'o'in na daga cikin matsalolin da aka yi ta kokawa a kai.

Matsalolin da ke tattare da tsarin

Matsala ta farko ita ce ta lokaci. A Amurka hutun bazara kan kai makonni goma, shi ya sa aikin makonni takwas ke shiga cikinsa. A Najeriya dogon hutu kan fara ne daga ƙarshen watan Yuli zuwa Satumba, kuma ya fi wancan gajarta.

A kwarin Rima wannan lokaci tsakiyar damina ne. Malamai da dama manoma ne, kuma abin da suka noma a waɗannan watanni shi ne ke cike giɓin da albashi ya bari.

A cikin hutun ne kuma wasu ke zuwa jami'o'i domin karatun ƙarin digiri na lokacin hutu, wasu kuma na duba takardun jarrabawar WAEC da NECO, wanda shi ma hanyar samun kuɗi ce.

Saboda haka duk shirin da ba zai biya malami abin da ya kai asarar da zai yi ba, zai yi wuya ya samu masu shiga, sai dai waɗanda ke da wata hanyar dogaro.

Damina kuma lokacin ambaliya ce. A watannin Agusta da Satumban 2020 ruwa ya shafe ɗaruruwan dubban hektocin shinkafa a jihar Kebbi, ya kuma karya gadoji da hanyoyi. A shekarar 2010 ma yankin ya fuskanci mummunar ambaliya bayan tumbatsar madatsar ruwa ta Goronyo.

Matsala ta biyu ta shafi su kansu masana'antun. Aikinsu na hawa da sauka gwargwadon samuwar shanshera da manufofin gwamnati. A 2023 Babban Bankin Najeriya ya dakatar da irin shirye-shiryensa na rancen noma bayan ɗimbin basussukan da ba a biya ba, a 2024 kuma gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwanaki 150, abin da masu casar shinkafa na cikin gida suka koka a kai.

Kamfanin da ke fama da tsadar makamashi ba lallai ne ya ware injiniyansa ya riƙa kula da baƙo ba. Akwai kuma batun haɗari a tsakanin injina, da wanda zai ɗauki nauyi idan malami ya ji rauni, da kuma sirrin kasuwanci.

Matsala ta uku ita ce ta komawa aji. Malamin da ya ga na'urar auna danshi a masana'anta zai iya dawowa ya tarar da ɗakin gwajin da babu ko ma'aunin nauyi, da ɗalibai masu yawa, da manhajar da dole ya kammala kafin jarrabawa.

Sanannen ƙorafi ne a makarantun gwamnati da dama cewa ba a cika buɗe ɗakin gwaji ba sai jarrabawar ƙarshe ta ƙarato, lokacin da hukumomin jarrabawa suka aiko da jerin kayan da za a tanada.

Ana kuma fargabar cewa kamfani zai iya ɗauke malamin da ya nuna ƙwazo, makaranta ta yi asarar wanda ta fi buƙata. Sannan malamai mata, waɗanda su ne abin koyi ga 'yan mata masu sha'awar kimiyya, kan fuskanci cikas idan wurin aikin ya yi nisa da gida.

Abin da ke sa shiri ya ɗore

Shirye-shiryen da suka daɗe a Amurka sun yi tarayya a wasu abubuwa. Ana biyan malami, ana ba shi aikin da kamfanin ke buƙata da gaske, akwai wata cibiya a tsakani da ke zaɓar malamai tana haɗa su da wuraren aiki, kuma ana bibiyar darasin da suka koma da shi aji.

A jihar Kebbi, irin aikin tsakanin da jami'o'i suka yi a can ya yi daidai da na kwalejin ilimi ta Argungu da manyan makarantun Birnin Kebbi da Aliero, waɗanda dama suna da ofisoshin da ke tura ɗalibansu wuraren aiki a ƙarƙashin shirin SIWES.

Ta fuskar kuɗi, doka ta wajabta wa kamfanonin da suka kai wani mataki su riƙa biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansu ga asusun ITF domin horar da ma'aikata. Albashin malaman sakandare da ƙarin girmansu kuwa na hannun gwamnatocin jihohi, don haka su ne ke da ikon sanya irin wannan horo cikin abin da ake dubawa wajen ciyar da malami gaba.

Wata dokar tarayya ta shekarar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. A duk inda aka aiwatar da ita, malamin da ya fara koyarwa kafin a buɗe masana'antar Argungu a 2017 zai iya ci gaba da tsayawa a gaban allo har bayan shekarar 2050, yana koyar da yaran da wasunsu za su nemi aiki a cikinta.